DARASIN LAFIYAR IYALI: CIWON CIKI MAI YAWAN DAWOWA GA YARA DA KAYAN ƘARIN ABINCI

Gabatarwa

Da wuya a sami gida a cikinmu wanda bai taɓa ganin abin da za mu yi nazari a kai cikin wannan fitowa ba. Gari ya waye, an yi wa yaro wanka, an sa masa kayan makaranta, sai ya durƙusa ya dafe cibiya yana cewa, "Mama, cikina." Babu zazzaɓi, babu amai, babu gudawa. Kafin rana ta take ya ware, yana guje-guje da 'yan'uwansa kamar ba shi ba. Bayan kwana huɗu ko biyar ciwon ya sake dawowa, haka kuma za a yi ta yi har watanni.

A nan ne gida yakan rabu. Uba ya ce ƙin makaranta ne kawai. Kaka ta ce a jiƙa masa jar kanwa. Uwa kuwa, wadda ita ce take ganin fuskar yaron sa'ad da ciwon ya murɗa, hankalinta ba ya kwanciya. Ana cikin haka sai wata maƙwabciya ta shigo da kwalba mai kyakkyawar takarda, ta ce wannan ƙarin abinci ne daga ƙasar waje, yana wanke hanji, yana ƙara jini, ɗan wance ma da shi ya warke. Kuɗin kwalbar kuwa yakan kai na cefanen kwanaki.

Tambayar da wannan darasi yake so ya amsa ita ce: ya kamata a saya ko kuwa? Za mu duba abin da ciwon yake, da abin da dole a bincika tukuna, da abin da gwaje-gwajen likitoci suka nuna game da waɗannan kayayyaki, sa'an nan mu ga matsayin da ya dace da su.

1. Wane irin ciwo ne wannan?

A shekara ta 1958 wani likitan yara mai suna John Apley, tare da abokiyar aikinsa Nora Naish, suka bincika 'yan makaranta 1,000 a birnin Biristol na ƙasar Ingila. Ma'aunin da suka ajiye shi ne yaron da ciwon ciki ya kama sau uku ko fiye, cikin tsawon wata uku ko fiye, da ƙarfin da zai hana shi harkokinsa. Suka tarar kimanin yaro ɗaya cikin goma yana fama da haka, 'yan mata kuma sun ɗan fi maza. A cikin yaran da Apley ya yi wa cikakken bincike a asibiti, waɗanda aka sami wata cuta a gaɓoɓinsu ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Tun daga lokacin masana suka ci gaba da gyara wannan ma'auni. Ƙa'idojin da ake kira na Roma, a fitowarsu ta huɗu ta shekarar 2016, sun yi maganar ciwon da yake zuwa aƙalla sau huɗu a wata, har tsawon wata biyu, wanda bayan bincike mai kyau ba a sami wata cuta da za a jingina shi gare ta ba.

Kada mu ɗauka cewa rashin ganin cuta yana nufin yaron ƙarya yake yi. Bangon hanji cike yake da jijiyoyi, kullum kuma suna aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, ita ma tana mayar musu. Harshenmu ya riga ya san wannan, gama in mutum ya tsorata mukan ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hanjinsa ya kaɗa. A wurin waɗansu yara jijiyoyin nan sun cika saurin ji, har motsin abinci ko iskar da wani yaro ba zai lura da ita ba takan iso musu a matsayin ciwo. Wani lokaci abin yakan fara bayan yaro ya yi gudawa mai tsanani, wani lokaci kuma bayan wata damuwa a gida ko a makaranta. Ciwon na gaske ne, ko da yake hanjin bai lalace ba.

2. Abin da dole a bincika tukuna

Yaran Biristol ba su sha ruwan rafi ba, ba su kuma yi yawo ba takalmi a inda ake bayan gida a fili ba. Saboda haka lissafin Apley ba zai zauna daidai a ƙauyukanmu da unguwanninmu ba. A wurinmu akwai cututtuka da dama masu kawo ciwon ciki mai dawowa, yawancinsu kuwa suna da magani sananne, mai araha.

Na farko, tsutsar ciki da ƙananan halittun da ke shiga hanji ta ruwa ko abinci marar tsabta. Gwajin bayan gida yakan nuna su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa a wuraren da tsutsa ta yi yawa a riƙa ba yara albendazol miligiram 400, ko mebendazol miligiram 500, sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Yaran da ke wanka a rafi ko madatsar ruwa kuma suna iya kamuwa da tsargiya, wadda ke taɓa mafitsara ko hanji, ita ma tana da maganinta.

Na biyu, taurin bayan gida, wanda iyaye da yawa ba sa lura da shi domin ba sa tambaya. Yaron da bayin makarantarsu ya ƙazantu yakan riƙe bayan gida tun safe har yamma, kullum, har abin ya taru ya taurare.

Na uku, amosanin jini, wato sikila. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irin wannan jini, yaron da ya gāje shi daga uwa da uba duka kuwa yakan yi ciwon ciki da na ƙashi a kai a kai. Duk yaron da ba a san nau'in jininsa ba, a gwada.

Bayan waɗannan akwai zazzaɓin cizon sauro, da taifot, da ciwon mafitsara, da gyambon ciki. Akwai kuma gubar dalma. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekara ta 2010 ba, inda yara aƙalla 400 suka mutu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ciwon ciki yana cikin alamun wannan guba.

Ga alamun da in an ga ko ɗaya daga cikinsu, sai a bar maganar kowace kwalba a nufi asibiti:

(a) Yaro yana ramewa, ko girmansa ya tsaya.
(b) Jini a bayan gida, ko a amai, ko a fitsari, ko bayan gida baƙi ƙirin.
(c) Amai marar tsayawa, musamman in kore ne.
(d) Ciwon da yake ta da yaro daga barci, ko wanda ya kafe a gefe ɗaya, musamman dama.
(e) Zazzaɓi mai dawowa, ko gudawar da ta daɗe.
(f) Idanu sun yi rawaya, ko tafin hannu ya yi fari fat.
(g) Ciki ya kumbura ya yi tauri, ko ciwo a marainan yaro.
(h) Yarinya ta balaga, al'adarta kuma ta tsaya.

Apley ya bar wa likitoci wata ƙa'ida da iyaye ma za su iya riƙewa: gwargwadon nisan ciwon daga cibiya, gwargwadon yadda ya kamata a yi zaton akwai cuta a gaɓa.

3. Mene ne kayan ƙarin abinci?

Da wannan suna muna nufin ƙwayoyi, da kafso, da gari, da ruwan kwalba waɗanda ake sha domin a ƙara wa jiki wani abu bisa abincin yau da kullum, kamar bitamin, da sinadarin ƙarfe, da zink, da dusar hatsi, da man tsirrai, da ƙwayoyin halitta masu rai. Doka ba ta auna su da ma'aunin da take auna magani ba. A Amurka, alal misali, dokar shekara ta 1994 ta yarda a sayar da su ba tare da mai yin su ya fara tabbatar wa hukuma cewa suna warkar da wani abu ba. Shi ya sa a jikin kwalabensu da yawa akan rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ba a yi su domin warkar da wata cuta ba. A ƙasarmu hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi musu rajista, amma a jikin yawancin magungunan tsirrai za a ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance abin da mai kayan yake iƙirari ba. Lambar rajista tana da amfani, sai dai ba shaida ba ce cewa kayan zai warkar da ɗanka.

Ba muna cewa dukansu banza ne ba. A shekara ta 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a ba yaro mai gudawa zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 in bai kai wata shida ba, tare da ruwan gishiri da sukari. Wannan ƙarin abinci ne wanda aka gwada aka ga amfaninsa. Amma amfaninsa ga gudawa ne, bai kuwa zama maganin kowane ciwon ciki ba. Tambayar da za mu riƙa yi wa kowace kwalba ita ce: a kan wane ciwo aka gwada ta, a kan yara nawa, me kuma aka gani?

4. Abin da gwaji ya nuna

Kafin mu shiga lissafi, bari mu fahimci yadda ake gwajin. Akan raba yara kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su abin da ake gwadawa, ɗaya kashin a ba su ƙwayar wofi, mai kama da ta gaske amma ba kome a cikinta, yara da iyaye da likita kuma ba wanda ya san wanda ya sami wace. Dalilin wannan wahala shi ne, ciwon da muke magana a kai yakan lafa da kansa ya kuma tashi, sa zuciya kaɗai ma takan kawo sauƙi. Domin haka labarin ɗan wance da ya warke bai isa hujja ba, ko da mai ba da labarin mai gaskiya ce.

(a) Ƙwayoyin halitta masu amfani. A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu marasa ƙidayuwa waɗanda ido ba ya gani, da yawansu kuma taimakonmu suke yi wajen narkar da abinci. Tun a 1907 wani masani ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, wanda yake aiki a Cibiyar Pasteur ta ƙasar Faransa, ya yi zaton cewa nono mai tsami da manoman Balgeriya ke sha yana cikin dalilan tsawon ransu. Daga irin wannan tunani ne aka sami abin da yau ake kira furobayotik, wato irin waɗannan halittu masu rai da aka zuba cikin kafso ko gari. Biyu daga cikin waɗanda aka fi gwadawa a kan yara masu ciwon ciki su ne Lactobacillus rhamnosus GG da Lactobacillus reuteri.

Akwai wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan abu ɗaya ta auna su tare. A 2017 ta duba gwaje-gwaje 19 da aka yi a kan yara 1,453 game da gyaran abinci domin wannan ciwo. Ta tarar furobayotik yana ɗan taimakawa: sai an ba yara kimanin takwas kafin a sami ɗaya wanda sauƙinsa daga furobayotik ɗin ne ya zo. A 2023 aka sake auna gwaje-gwaje 18. A cikin waɗanda suka ƙidaya nasarar jiyya, kimanin yara 50 cikin 100 da suka sha furobayotik sun sami sauƙi, a cikin masu shan ƙwayar wofi kuwa 33 cikin 100. Masanan da kansu suka ce ƙarfin wannan shaida kaɗan ne.

Mu tsaya mu dubi lissafin nan da kyau. A cikin yara 100, rabi ba su sami sauƙin da ake nema ba ko da sun sha. Waɗansu 33 za su sami sauƙi ko ba su sha ba. Ribar kwalbar tana wurin sauran 17. Wannan ba abin rainawa ba ne ga iyalin da ɗansu yake cikin 17 ɗin, amma ya yi nisa ƙwarai da alkawarin mai talla. Mu kuma tuna cewa yawancin gwaje-gwajen nan a Turai, da Amurka ta Arewa, da Asiya aka yi su, a kan yaran da aka riga aka tabbatar ba su da wata cuta.

(b) Dusa da zaren abinci, wanda likitoci ke kira faiba. A 1985 aka yi gwaji a Kanada a kan yara 52, inda aka ba rabinsu biskit mai dusar masara. Rabin waɗanda suka ci sun sami raguwar ciwo, a ɗaya ɓangaren kuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Amma sa'ad da Cochrane ta haɗa gwaje-gwajen faiba a 2017, ba ta sami tabbatacciyar shaida cewa yana rage ciwon ba. Inda ba a shakkar amfaninsa shi ne wajen laushin bayan gida, wannan kuwa akwai shi a rumbunanmu da gonakinmu.

(c) Man na'a-na'a. A 2001 aka gwada shi a Amurka a kan yara 42 masu ciwon hanji, cikin kafso na musamman wanda ba ya narkewa sai ya wuce tumbi. Bayan mako biyu, kimanin uku cikin huɗu na waɗanda suka sha sun sami sauƙi. Gwajin ƙarami ne, gajere kuma. Man yakan kawo ƙwannafi, ba a kuma ba jarirai shi, ko a shafa musu kusa da hanci, gama yana iya taɓa numfashinsu.

(d) Bitamin da maganin ƙarin jini. Waɗannan su ne aka fi saya a kemis, ba kuwa maganin wannan ciwo ba ne. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ma shi kansa yakan kawo murɗar ciki da taurin bayan gida. In gwaji ya nuna yaro yana da ƙarancin jini, a ba shi bisa umarnin likita, a kuma nemi abin da yake cin jinin.

5. Nono da kindirmo fa?

Wani zai ce, tun da yake nono mai tsami ne tushen maganar, ai mu mun riga Turawa. Akwai gaskiya a ciki. Nono da kindirmo suna ɗauke da halittu masu rai daga dangin waɗanda muka ambata, abinci ne kuma mai gina jiki. Sai dai ba su ne ainihin irin da aka gwada ba, yawansu kuma yakan bambanta daga wannan ƙwarya zuwa waccan. Mu ba yara su a matsayin abinci, mu kuma tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, ruwan da aka dama furar da shi kuma mai tsabta ne.

Akwai wani abin lura. Mutane da yawa a Afirka ta Yamma, in sun wuce yarinta, cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin ɗanyar madara sosai, ko da yake Fulani da yawa suna iyawa. In an lura cewa ciwon yaro, da kumburi, da kukan ciki suna zuwa bayan ya sha shayi mai madara da yawa, a janye madarar mako biyu a gani. Irin wannan yaro sau da yawa yakan iya shan kindirmo lafiya, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin.

6. Haɗarin da ke cikin kwalba

Haɗari mafi girma shi ne jinkiri. Iyalin da suka kashe kuɗinsu a kan kwalba sukan jira ta ƙare kafin su yi tunanin asibiti, a cikin watannin nan kuwa tsutsa tana cin jinin yaro, ko gyambo yana zurfi.

Na biyu, abin da ba a san asalinsa ba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka mutu a Nijeriya bayan sun sha wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka tarar yana ɗauke da sinadari mai lalata ƙoda. Wannan ba ƙarin abinci ba ne, amma darasin ɗaya ne: iyayen yaran nan da ƙauna suka saya. Kada mu ba yaro abin da aka ɗura a kwalbar da ba suna, ba lambar rajista, ba ranar lalacewa.

Na uku, furobayotik abu ne mai rai, zafi kuma yana kashe shi. Kwalbar da ta yi watanni a kanta a cikin zafin bazara, ko a firijin da wuta ke ɗaukewa, mai yiwuwa ne abin da ke cikinta ya riga ya mutu. Ga yaro mai ƙarfin jiki da wuya ya yi lahani, amma ba a ba bakwaini, ko yaron da garkuwar jikinsa ta raunana, sai da izinin likita. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka bayan mutuwar wani bakwaini da aka ba shi a asibiti.

Mu kuma yi hankali da magungunan kashe zafi irin su asfirin da ibufurofen, gama suna cin bangon tumbi, da kuma yawan jiƙa wa yaro kanwa.

7. Abin da gida zai iya yi

Da zarar likita ya duba yaro ya ce ba wata cuta mai haɗari, aikin da ya rage yawancinsa na gida ne.

Abinci. Kada yaro ya tafi makaranta da yunwa. A ba shi tuwon dawa ko na gero wanda ba a cire dusarsa duka ba, da wake, da miyar kuka, da kuɓewa, da zogale, da gwanda, da gwaba, da mangwaro a lokacinsa. A rage lemon kwalba, da alewa, da cingam, da yaji mai yawa. A ba shi ruwa mai tsabta isasshe.

Bayan gida. A saba masa zuwa bayi bayan karin kumallo ko bayan cin dare, ba tare da gaggawa ba. Kwamitocin iyaye da malamai kuma su dubi bayin makarantunsu, gama wannan magana ce ta lafiya.

Yadda muke amsa kukansa. A 2006 wata masaniya, Lynn Walker, ta Jami'ar Vanderbilt a Amurka, ta yi wani gwaji tare da abokan aikinta. Aka ba yara ruwa suka sha har cikinsu ya cika ya dame su, sa'an nan aka ce wa waɗansu iyaye su yi ta tambaya da lallashi a kan ciwon, waɗansu kuma su ɗauke hankalin yaran da wata hira. Ƙorafin yaran da aka yi ta lallashi ya kusan ninkawa, na waɗanda aka ɗauke wa hankali kuwa ya ragu da kimanin rabi. Saboda haka kada mu ce wa yaro maƙaryaci, kada kuma mu mai da shi majinyaci. A ce masa, "Na san yana yi maka ciwo, likita kuma ya duba ya ce ba abin tsoro ba ne. Zo mu ɓare gyaɗar nan, zai lafa." In babu alamar haɗari, ya tafi makaranta, gama kowace ranar da ya zauna a gida tana ƙara masa wuyar komawa.

Sauraro. Mu zauna da shi a keɓe, a lokacin da ba ya cikin ciwo, mu tambaye shi labarin makaranta da na hanya. Akwai malamin da yake tsoro? Akwai yaran da ke cin zalinsa? Akwai babban da yake taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba? Mu iyaye kuma mu tambayi kanmu ko faɗan da muke yi da dare yana isa kunnensa. Yaran da aka kai riƙo gidan dangi, da marayu, suna bukatar wannan sauraro fiye da kowa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa jiyya ta hanyar magana, inda ake koya wa yaro da iyayensa yadda za su bi da tsoro da ciwon, tana cikin abubuwan da suka fi taimakawa.

8. In za a gwada ƙarin abinci

In an yi duk abin da muka lissafa, ciwon kuma bai bari ba, ba laifi a gwada furobayotik, bisa waɗannan sharuɗɗa. A nemi shawarar likita ko ma'aikacin lafiya. A sayi wanda aka rubuta cikakken sunan halittar da ke cikinsa, daga kantin magani mai rajista. A gwada abu ɗaya kaɗai a lokaci guda. A sami littafin rubutu a riƙa sa alama a kowace ranar da ciwon ya zo, tun mako biyu kafin a fara. A yawancin gwaje-gwajen mako huɗu zuwa takwas aka yi ana sha, saboda haka in wa'adin nan ya cika littafin bai nuna bambanci ba, a daina, kada a sayi kwalba ta biyu. Kada kuma a taɓa kuɗin abinci ko na makaranta dominsa.

Kammalawa

'Yan'uwa, uwar da ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar nan ƙauna ce ta sa ta, ba kuwa wanda zai ga laifinta. Abin da muke roƙo shi ne a bi abubuwa bisa jerinsu: gwajin bayan gida, da na fitsari, da na jini tukuna, sa'an nan gyaran abinci da sauraron yaro, ƙarin abinci kuma daga ƙarshe, da ido a buɗe. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Mu tambayi likita, mu tambayi mai talla, mu kuma tambayi yaron kansa. Allah ya ba 'ya'yanmu lafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A cikin alamun haɗari takwas da aka lissafa, nawa za mu iya faɗa ba tare da duba takarda ba?
2. Yaushe aka ba yaran gidanmu maganin tsutsa na ƙarshe, mun kuma san nau'in jininsu?
3. Yaya bayin makarantar 'ya'yanmu yake, wa kuma za mu tuntuɓa a kansa?
4. In 'yar'uwa ta kawo mana kwalba tana talla, waɗanne tambayoyi za mu yi mata ba tare da mun ɓata zumunci ba?